BABI NA UKU: TASIRIN BINCIKEN AKIN MABOGUNJE DA ABOKAN AIKINSA A FAGEN NAZARIN BIRANE

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai duba ayyukan Farfesa Akinlawon Ladipo Mabogunje (1931-2022), masanin labarin ƙasa wanda ya shafe fiye da shekara 60 yana nazarin biranen Nijeriya, tare da mutanen da ya yi aiki da su a jami'a da wajenta. Abin da ake so a gano shi ne inda binciken nasa ya yi tasiri, da kuma inda ya tsaya a kan takarda. Tambayar tana da nauyi, domin kuwa wasu daga cikin ayyukan da aka ɗora masa sun shafi gidaje da gonakin dubban talakawa, musamman a yankin da ya zama Abuja.

3.1 Tasowarsa

An haifi Mabogunje a Kano ranar 18 ga Oktoba, 1931. Asalin gidansu Ijebu-Ode ne a ƙasar Yarbawa, a zamanin kuwa tsarin Turawa ya keɓe wa baƙi 'yan Kudu unguwar Sabon Gari a wajen ganuwa. Ke nan garin da aka haife shi kansa misali ne na abin da ya zo ya yi nazari daga baya, wato tsohon birni da sabon gari suna zaune kafaɗa da kafaɗa, kowane da dokarsa. Ya yi karatu a Ibadan, sannan ya wuce Jami'ar Landan, inda ya sami digirin farko a 1956, na biyu a 1958, na uku kuma a 1961 da kundin da ya rubuta a kan birnin Legas. Ya fara koyarwa a Ibadan a 1958, ya zama farfesa a 1965, shi ne kuma ɗan Nijeriya na farko da ya kai wannan matsayi a fannin labarin ƙasa.

3.2 Muhawarar asalin birni

Kafin a fahimci abin da Mabogunje ya kawo, wajibi ne a san yadda masana ke kallon birni a lokacin da ya shigo fagen. A 1938 Louis Wirth na Jami'ar Chicago ya bayyana birni a matsayin wuri mai girma da cunkoso, wanda mazaunansa suka fito daga wurare daban-daban, zumunci kuma ya yi rauni a tsakaninsu. Idan aka ɗauki wannan ma'auni aka ɗora wa Ibadan, sai a rasa yadda za a yi da ita. Ƙidayar 1952 ta nuna mutanenta sun kusa 460,000, amma da yawansu manoma ne masu gonaki a bayan gari, suna kuma zaune a manyan gidajen gandu na dangi. Saboda haka wasu Turawa suka riƙa kiran irin waɗannan garuruwa manyan ƙauyuka. William Bascom ya ƙalubalanci wannan ra'ayi a 1955, sai dai daga ɓangaren nazarin al'umma ya yi hakan.

Mabogunje ya bi ta hanyar labarin ƙasa da tarihi. A littafinsa Urbanization in Nigeria na 1968 ya kafa hujja da cewa birni yana samuwa ne idan jama'a suka rarrabu zuwa sana'o'i daban-daban, wannan kuwa ba ya yiwuwa sai da abubuwa uku: rarar abinci da za ta ciyar da waɗanda ba sa noma, da masu iko da za su tabbatar da zaman lafiya su kuma tattaro rarar, da fatake da 'yan kasuwa da za su yi safarar kaya. Da wannan ma'auni ya nuna cewa ƙasar Hausa da Barno da ƙasar Yarbawa sun mallaki birane na sosai tun ɗaruruwan shekaru kafin zuwan Turawa. A ɓangaren Arewa ya danganta bunƙasar Kano da Katsina da Zazzau da cinikin hamada, ya kuma dogara da bayanan matafiya irin su Clapperton, wanda ya ƙiyasta mutanen Kano tsakanin 30,000 zuwa 40,000 a 1824, da Barth wanda ya zo a 1851.

Ga Bahaushe wannan magana ba baƙuwa ba ce, tun da harshen kansa ya bambanta birni da gari da ƙauye da ƙauyanci tun fil azal. Amma a fagen ilimin zamani na wancan lokaci, tabbatar da hakan da taswira da alƙaluma babban aiki ne, kuma shi ne ya ba littafin daraja.

Hujja ta biyu a littafin ita ce ta fi tasiri a wajen masu tsara birane. Mabogunje ya nuna cewa mulkin mallaka bai ƙirƙiri birni a Nijeriya ba, juya akalarsa ya yi. Layin dogo ya isa Ibadan a 1901, ya isa Kano a 1911, daga nan fuskar ciniki ta bar hamada ta koma bakin teku. Garin da dogo ya ratsa ya haɓaka, wanda ya kauce wa kuma ya koma baya. Katsina, wadda ta daɗe tana goyayya da Kano, tana cikin waɗanda aka bari a gefe, yayin da Kano ta zama matattarar gyaɗa, sababbin garuruwa irin su Kaduna da Jos da Inugu da Fatakwal kuma suka taso saboda mulki ko ma'adinai ko tashar jiragen ruwa. Bugu da ƙari, dokar garuruwa ta 1917 ta karkasa garuruwa zuwa aji uku, Legas kaɗai ce a aji na ɗaya, kuɗin ayyukan raya gari kuma ya bi wannan rabo. Tsofaffin birane na cikin ganuwa an bar su a hannun En'e, ba tare da isassun hanyoyi ko magudanan ruwa ba.

A kan Ibadan ne ya fi zurfafa wannan bayani. Tun a wata maƙala ta 1962 ya nuna cewa garin yana da cibiya biyu, tsohuwar kasuwar Iba da kuma Gbagi inda kamfanonin Turawa suka kafa kantuna kusa da tasha. Ya kuma bayyana yadda tsohon gari yake girma ta hanyar tsagewa daga ciki, wato idan maigida ya rasu sai magada su rushe babban gida, kowa ya gina nasa a cikin filin, har tsakar gida ta ɓace, lungu ya ƙuntata. Duk wanda ya san yadda rabon gado yake yanka gidajen cikin birnin Kano ko Zariya zai gane wannan siffa nan take, ko da yake dokar gadon ta bambanta.

Wani abin da ya bambanta littafin shi ne dabarar lissafi. Mabogunje ya ziyarci Jami'ar Northwestern ta Amurka a shekarun 1960, a daidai lokacin da masana labarin ƙasa a can suka rungumi kwamfuta da ƙididdiga. Ya ɗauki bayanan ƙidayar 1952 zuwa 1953 na ɗaruruwan garuruwan Nijeriya ya tace su da wannan dabara, domin ya gano siffofin da suka haɗa su da waɗanda suka raba su. Ta hannunsa ne wannan salo ya kafu a sashen labarin ƙasa na Ibadan, daga nan ya bazu zuwa sauran jami'o'i ta hannun ɗalibansa.

Duk da haka, akwai giɓin da bai kamata a rufe ido a kansa ba. Biranen da aka yi wa nazari mai zurfi a littafin guda biyu ne, Ibadan da Legas, dukansu kuwa a ƙasar Yarbawa suke. Abin da aka faɗa game da Arewa ya fito ne galibi daga rubuce-rubucen matafiya da rahotannin Turawan mulki. Cikakken bayanin yadda Kano take rayuwa da karkararta, alal misali yadda ake kai takin birni gonaki a kan jakuna a dawo da itace da hatsi, sai a aikin Michael Mortimore da abokan aikinsa na Jami'ar Ahmadu Bello ake samunsa, tun daga rahotonsu na 1965. Saboda haka za a iya cewa sunan littafin ya fi abin da ke cikinsa faɗi.

3.3 Ra'in ƙaura daga ƙauye zuwa birni

Idan a Nijeriya littafin 1968 ne aka fi sani, to a ƙasashen waje wata gajeriyar maƙala ta 1970 ce ta fi ɗaukaka sunansa. An buga ta a mujallar Geographical Analysis, a cikinta kuma ya soki ra'in da ke cewa talaucin ƙauye ne ke korar mutum, albashin birni kuma ya jawo shi. A ganinsa wannan bayani ya manta da waɗanda suke riƙe da ƙofa. A ƙauye akwai iyaye da tsarin gandu da dokar gado, su ne ke yanke wanda zai tafi da wanda zai zauna. A birni akwai masu ba da masauki da masu ba da aiki da hukuma. Sannan akwai labarin da mai ƙaura yake aikowa gida. Idan labarin mai daɗi ne sai wasu su biyo sawunsa zuwa gari ɗaya, sau da yawa ma unguwa ɗaya da sana'a ɗaya, har hanya ta kafu tsakanin wani ƙauye da wani birni.

Cin rani ya isa misali. Matashin da ya bar ƙauyensu a ƙasar Sakkwato bayan girbi ba ya jefa ƙafa a inda ya ga dama. Yana zuwa ne wurin da wansa ko maƙwabcinsa ya riga shi, ya sauka a hannun maigidan da ya san gidansu. R. Mansell Prothero ya riga ya ƙididdige wannan zirga-zirga a lardin Sakkwato a shekarun 1950, amma ra'in Mabogunje ne ya bayyana dalilin da ya sa take bin hanyoyi sanannu. Daga baya masu nazarin ƙaura tsakanin ƙasashe suka ɗauki ra'in, kamar yadda ya bayyana a littafin da Kritz da Lim da Zlotnik suka shirya a 1992, da kuma rubuce-rubucen Hein de Haas a 2010 da Oliver Bakewell a 2014. Ba kasafai ake samun ra'in da aka gina da misalan Afirka ya koma ana auna ƙaurar Turai da Amurka da shi ba.

3.4 Abokan aiki

Wanda ya bi jerin ayyukan Mabogunje zai lura cewa abokan aikinsa na farko ba 'yan sashensa ba ne. A 1967 shi da Peter Lloyd, masanin zamantakewa, da Bolanle Awe, masaniyar tarihi, suka shirya littafin The City of Ibadan, wanda ya tattara maƙalun masana daga fannoni daban-daban. A cikinsa ne Abner Cohen ya rubuta babi a kan Hausawan Sabo, unguwar da aka kafa a 1916, wadda ta riƙe cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu ta hanyar masu gida da dillalai. A 1971 ya fitar da littafi a kan tarihin Owu tare da J. D. Omer-Cooper, a shekarar kuma ya rubuta babin farko na tarihin Afirka ta Yamma da Ade Ajayi da Michael Crowder suka shirya. Haka zalika yana da babi a juzu'i na ɗaya na tarihin Afirka na hukumar UNESCO. Wannan cuɗanya da masana tarihin Ibadan, waɗanda a lokacin suke fafutukar tabbatar da cewa Afirka tana da tarihi kafin Turawa, ita ce ta ba aikinsa na birane launin da yake da shi.

A shekarun 1970 ya dawo kan garin haihuwarsa. Shi da Michael Filani sun yi wa Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya bincike a Kano a kan masu ƙananan sana'o'in da hukuma ba ta yi wa rajista ba, da yadda baƙi suke samun abin yi idan sun shigo gari. An buga sakamakon a 1981 a littafin da S. V. Sethuraman ya shirya. Har ila yau a 1978 ya haɗa kai da Jorge Hardoy na Ajantina da R. P. Misra na Indiya suka rubuta littafi a kan samar da muhalli a ƙasashe masu tasowa, inda suka nuna cewa ƙa'idojin gini da aka gada daga Turawa sun fi ƙarfin aljihun talaka, don haka suna mayar da yawancin mazauna birni masu karya doka. Muhimmancin wannan littafi shi ne masana uku ne daga nahiyoyi uku na ƙasashe masu tasowa suka kwatanta biranensu da juna kai tsaye. A 1980 aka zaɓe shi shugaban Ƙungiyar Masana Labarin Ƙasa ta Duniya, ya riƙe muƙamin har 1984, shi ne kuma ɗan Afirka na farko da ya hau kujerar.

3.5 Abuja

Aikin Mabogunje da gwamnati ya fara tun kafin Abuja, domin shi ne ya shirya juzu'in nazarin zamantakewa da tattalin arzikin yankin tafkin Kainji, inda madatsar ruwan da aka kammala a 1968 ta tashi mutane fiye da 40,000 a ƙasashen Yawuri da Bargu. Amma Abuja ce babbar jarrabawa.

A watan Agusta 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, a watan Fabrairu 1976 kuma aka kafa dokar soja mai lamba 6 wadda ta yanki fili mai faɗin murabba'in kilomita 8,000 daga jihohin Neja da Filato da Kwara. Manufar farko ita ce a kwashe dukan mazauna yankin, wato Gwari da Koro da Gade da Gwandara da Basa da sauransu, a sake musu matsuguni a jihohinsu da kuɗin gwamnatin tarayya, domin kada wani ya ce shi ne ɗan ƙasa a sabon birnin. An gina wannan manufa a kan zaton cewa yankin kusan fayau yake.

Mabogunje ne aka ba jagorancin ayarin masana da suka yi nazarin yanayin yankin, suka kuma ƙidaya mutanensa da kadarorinsu. Sakamakon ya rushe zaton farko: mutanen sun ninka abin da aka ƙiyasta, kuɗin diyyarsu kuma ya fi ƙarfin abin da gwamnati ta shirya. A 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta sauya manufa, ta ce waɗanda ginin birnin ya shafa kai tsaye ne kaɗai za a tasa, sauran kuwa suna iya zama. A nan bincike ya yi tasiri a zahiri, domin alƙaluma sun hana a tashi ɗaruruwan ƙauyuka.

Sai dai tasirin bai kai inda ya kamata ba. An bar mutane a ƙasar kakanninsu, amma dokar 1976 ta riga ta mallaka wa gwamnatin tarayya dukan filin, ke nan suna zaune ne ba tare da tabbas ba. Tun daga lokacin ake ta kai-kawo tsakanin tashinsu da shigar da su cikin tsarin birni, kamar yadda tarihin ƙauyen Garki ya nuna. Babban tsarin birnin, wanda wani gungun kamfanonin Amurka ya miƙa a 1979, da zanen tsakiyar gari na Kenzo Tange ɗan Japan, sun fi kama da irin tsarin da Mabogunje da Hardoy da Misra suka soka shekara ɗaya kafin nan. Bayan gwamnati ta tare a ranar 12 ga Disamba, 1991, ƙananan ma'aikata da 'yan ci-rani suka cika Nyanya da Karu da Mararraba da Suleja, rusau ɗin shekarun 2003 zuwa 2007 kuma ya ƙara tura wasu can. Ba adalci ba ne a ɗora wa mai ba da shawara laifin abin da masu iko suka zartar. Amma kuma dole a yarda cewa birnin da ya taimaka aka kafa ya maimaita rabuwar nan ta unguwar Turawa da unguwar talakawa wadda littafinsa na 1968 ya bayyana.

3.6 Bankunan al'umma, Ijebu-Ode da batun ƙasa

Bayan ya bar koyarwa a 1981, babban abokin tafiyarsa shi ne masanin tattalin arziki Ojetunji Aboyade, wanda suka kafa cibiyar nazarin manufofin raya ƙasa tare a Ibadan. A gwamnatin Janar Babangida ya yi aiki a hukumar DFRRI ta raya karkara, sannan ya shugabanci hukumar bankunan al'umma a farkon shekarun 1990. Tunanin da ke bayan shirin shi ne na tun farko: jama'a suna da adashi da ƙungiyoyin gari da sanin juna, don haka mutunci zai iya tsayawa a madadin jingina. An buɗe na farko, wato bankin Alheri, a Tudun Wadar Kaduna a watan Disamba 1990, kafin tsakiyar shekarun kuma adadinsu ya haura 1,000. Da yawa sun durƙushe saboda ƙarancin jari da raunin gudanarwa, waɗanda suka rage kuwa tsarin Babban Banki na 2005 ya mayar da su bankunan ba da ƙananan rance.

Inda tunanin ya fi kama ƙasa shi ne garinsu. A 1999 aka yi taron tuntuɓar jama'ar Ijebu-Ode da goyon bayan shirin kula da birane na Majalisar Ɗinkin Duniya, aka kafa hukumar yaƙi da talauci a ƙarƙashin inuwar Awujale, Oba Sikiru Adetona. An yi amfani da ƙungiyoyin sa'anni da na 'yan kasuwa da 'yan garin mazauna waje wajen tara jari da ba da rance da horo, kiwon kifi na Eriwe kuma ya zama sanannen abin da shirin ya haifar. Mabogunje ya rubuta bayanin gwajin tare da Robert Kates na Amurka a 2004, ya sake fitar da shi a mujallar cibiyar kimiyya ta Amurka a 2007. Abin lura shi ne a nan sarki da jama'a sun san shi, shi ma ya san su, babu kuma wata ma'aikata a tsakani. Ko irin wannan zai yiwu a garin da ba shi da sarki mai irin wannan karɓuwa, tambaya ce da gwajin gari ɗaya ba zai amsa ba.

Aikinsa na ƙarshe babba shi ne na ƙasa. Ya daɗe yana sukar dokar amfani da ƙasa ta 1978, wadda aka gina a kan dokar mallakar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962, ta kuma sa dukan filayen jiha a hannun gwamna. Hujjarsa ita ce manomi ko mai gida a tsohon birni yana da dukiya amma ba shi da takardar da banki zai karɓa, neman amincewar gwamna kafin sayarwa ko jingina kuwa yana cin lokaci da kuɗi. A 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya naɗa shi shugaban kwamitin gyaran tsarin mallakar ƙasa, wanda ya ba da shawarar a bi unguwa-unguwa ana auna filaye ana yi musu rajista a gaban maƙwabta da masu unguwanni. An gwada tsarin a wasu ƙananan hukumomi na jihohin Kano da Ondo. Amma dokar 1978 tana cikin tsarin mulki, gyara ta sai da yardar majalisun jihohi, gwamnoni kuwa ba su da sha'awar sakin ikon da ke hannunsu. 'Yar'aduwa ya rasu a watan Mayu 2010 ba a zartar da ƙudurin gyaran da ya aika wa majalisa ba. A 2017 aka ba Mabogunje lambar Vautrin Lud a Faransa, wadda ita ce mafi girma a fannin labarin ƙasa. Ya rasu ranar 4 ga Agusta, 2022, dokar tana nan yadda sojoji suka kafa ta.